Cutar ƙananan jijiyoyin jini da ƙanƙancewar ƙwaƙwalwa: ciwo ɗaya ne ko biyu?

Ɗan Gujungu ya rubuta:

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaida manyanmu da malamanmu da ke wannan zaure, musamman likitoci da ma'aikatan lafiya, domin su tambayata ta fi shafa.

Mahaifina ya haura shekara 70, manomi ne kuma ɗan kasuwar hatsi, akasarin rayuwarsa a saye da sayarwa ya yi ta a kasuwar Gujungu. An daɗe da shaida masa cewa yana da hawan jini, amma kamar yawancin mutanenmu, sai kansa ya yi ciwo yake neman magani, da ya ji sauƙi kuma ya ajiye. A 'yan shekarun nan al'amarinsa ya sauya sannu a hankali. Mutumin da a da yake lissafa kuɗin buhu hamsin da ka, yanzu canjin dubu ɗaya yana ɗaure masa kai. Tafiyarsa ta koma gajerun taku yana jan ƙafa, fitsari yana matsa masa har wani lokaci ya kufce masa kafin ya isa bayan gida, kuma ya daina fita majalisa ba tare da wani ya ɓata masa rai ba. Abin da yake ba ni mamaki shi ne bai manta mu ba, yana kiran jikokinsa da sunayensu, kuma idan ya manta maganar da aka yi da safe, da zarar an ɗan tuna masa farkonta sai ya kamo sauran.

Mun kai shi Kano an yi masa hoton MRI. Wani ma'aikacin jinya ɗan garinmu ya fassara mana takardar, ya ce abu biyu aka gani. Na farko, akwai cutar ƙananan jijiyoyin jini mai tsanani, an rubuta Fazekas 3, tare da wasu ƙananan ramuka a can cikin ƙwaƙwalwa. Na biyu, ƙwaƙwalwar ta ƙanƙance fiye da yadda ya dace da shekarunsa. Likitan da ya duba mu jama'a sun yi masa yawa a ranar, saboda haka magani ya rubuta mana ya sa mana ranar dawowa, ban samu damar tambaya ba.

Shin waɗannan abubuwa biyu cututtuka ne daban-daban da suka haɗu a kansa, ko ɗaya ne ya haifar da ɗaya? Ta yaya jijiyoyinsa za su toshe alhali bai taɓa samun shanyewar ɓarin jiki ba? Sannan wannan ita ce cutar Alzaima da muke ji a rediyo, ko wata aba ce dabam? Allah ya saka wa duk wanda ya taimaka da alheri.

Likitan Karkara ya amsa:

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Malam Ɗan Gujungu, Allah ya ba Baba lafiya, ya kuma ba ku ladan ɗawainiya. Tun da ban ga hoton ba kuma ban duba Baba ba, bayanina na gaba ɗaya ne, hukunci yana hannun likitan da ke ganinsa. Amma a mafi yawan masu irin wannan hoto, abubuwan nan biyu a ɗaure suke da juna: lalacewar jijiyoyi ce take fara zuwa, ƙanƙancewar kuma ta biyo sawunta.

Nauyin ƙwaƙwalwa bai wuce kashi 2 cikin 100 na nauyin jiki ba, amma ita kaɗai tana shan kusan kashi 20 cikin 100 na iskar oksijin da jiki ke amfani da ita, kuma ba ta iya ajiye komai domin gobe, dole jini ya riƙa isar mata kowane lokaci. Manyan jijiyoyi ne ke hawo da jini ta wuya su kewaye ta, daga jikinsu kuma wasu ƙanana suke tsirowa su nutsa can ciki, faɗin mafi yawansu bai kai rabin milimita ba. Kowace ɗaya daga cikin waɗannan ƙananan ita kaɗai take ciyar da ɗan yankinta, idan ta gaza babu wata a kusa da za ta kai ɗauki. Duk wanda ya san noman rani a Kadawa ya san cewa ruwan Tiga yana iya cika babbar magudana fal, amma idan ƙaramar hanyar da ke kai ruwa fangalin ƙarshe ta cike da laka, shinkafar wannan fangali za ta ƙone alhali ruwa na gudu a kusa da ita.

Hawan jini na shekara da shekaru shi ne babban abin da ke cinye waɗannan jijiyoyi, ciwon suga da taba da tsufa kuma suna ƙara masa ƙarfi. Bangon jijiyar yana yin kauri ya taurare, hanyar jinin ta tsuke, ta kuma kasa buɗewa a lokacin da ƙwaƙwalwa ke neman ƙarin jini. Bayan haka bangon yana fara yoyo, ruwa da sinadaran jini da bai kamata su taɓa naman ƙwaƙwalwa ba su riƙa tsiyaya cikinsa. Idan jijiyar ta toshe gaba ɗaya, ɗan yankin da take ciyarwa ya mutu, bayan wani lokaci ya bar rami mai ruwa, faɗinsa tsakanin milimita 3 zuwa 15. Su ne ramukan da aka rubuta a takardarku, kuma wani likita ɗan ƙasar Kanada mai suna Miller Fisher ne ya yi bayaninsu dalla-dalla a 1965. Kowane rami a haƙiƙa ƙaramar shanyewa ce, sai dai mafi yawansu suna faɗawa a wurin da bai shafi motsin hannu ko magana kai tsaye ba, shi ya sa ba a ganin kowa ya faɗi ko bakinsa ya karkace. Idan kuwa jijiyar ba ta toshe duka ba, yankin yana rayuwa cikin ƙarancin jini, ya fito a hoto da farin dabbare-dabbare. Ma'aunin Fazekas, wanda aka fitar a 1987, yana auna yawan wannan fari ne daga 0 zuwa 3, kuma 3 na nufin dabbaren sun haɗe sun zama faffaɗan fili.

Yanzu ga inda ƙanƙancewar ta shigo. Ƙwaƙwalwa tana da ɓawo na waje mai launin toka, a nan ƙwayoyin halittar da ke tunani suke zaune, sannan akwai farin sashe na ciki wanda dogayen zaruruwa ne masu kai saƙo daga wannan yanki zuwa wancan. Ƙananan jijiyoyin da muke magana a kansu farin sashen nan suka fi ciyarwa. Idan rami ya yanke zare, ɓarnar ba ta tsayawa a bakin ramin, zaren yana ci gaba da ruɓewa a tsawonsa, abin da wani masani mai suna Augustus Waller ya fara nunawa tun 1850 a irin waɗannan zaruruwa na jikin kwaɗi. Ƙwayoyin da ke ɓawo, waɗanda zaren ke haɗawa da sauran ƙwaƙwalwa, idan suka daina aikawa da karɓar saƙo sai su motse, wasunsu su mutu. An tabbatar da wannan a jikin mutane masu rai. Akwai wata cutar ƙananan jijiyoyi ta gado mai suna CADASIL da ke kama mutane tun suna da sauran ƙarfi, kafin shekarun da za a ɗora laifi a kan tsufa. A 2012 masu bincike a Munich ta ƙasar Jamus sun bi masu wannan cuta da hoto bayan hoto, suka ga cewa duk inda sabon rami ya fito a ciki, ɓangaren ɓawon da zaruruwa suka haɗa da wannan wuri shi ne yake sirancewa, ko da yana nesa da ramin. Ƙari a kan haka, shi kansa farin sashen yana raguwa, guraben ruwan da ke tsakiyar ƙwaƙwalwa su faɗaɗa su cike gurbin, sannan akwai wasu mitsi-mitsin shanyewa a cikin ɓawon waɗanda na'urar MRI ta yau da kullum ba ta ganinsu. Wannan ne ya sa a 2013, lokacin da masana a ƙarƙashin jagorancin Farfesa Joanna Wardlaw ta Jami'ar Edinburgh suka tsara alamomi shida da ake gane cutar ƙananan jijiyoyi da su a hoto, suka sa ƙanƙancewar ƙwaƙwalwa a cikinsu.

Abin da ka bayyana game da Baba ya dace da wannan sosai. Zaruruwan da suka fi cutuwa su ne masu haɗa sashen da ke bayan goshi da can cikin ƙwaƙwalwa, kuma ta nan ne tsara aiki, saurin tunani, daidaita tafiya, riƙe fitsari da sha'awar shiga jama'a suke bi. Ita kuwa cutar Alzaima ta fi farawa daga wani ɗan sashe da ke saitin kunne wanda ake kira hifokamfas, inda ake ɗaure sabon abu a ajiye shi. Mai Alzaima bai ajiye maganar safe ba tun farko, don haka ko an tuna masa ba ya kamowa. Mai cutar ƙananan jijiyoyi ya ajiye, ɗaukowa ce take masa wuya, shi ya sa tunatarwa take masa amfani.

Sai dai ba zan ce maka babu Alzaima ko kaɗan ba, domin a tsofaffi cututtukan biyu sun fi zuwa a cakuɗe. A Amurka an yi wani bincike a kan mata 678 masu hidimar cocin Katolika da suka yarda a duba ƙwaƙwalwarsu bayan rasuwa. Rahoton 1997 ya nuna cewa cikin waɗanda aka samu alamun Alzaima a ƙwaƙwalwarsu, kashi 57 cikin 100 ne suka ruɗe a rayuwarsu idan babu shanyewa, amma idan akwai rami ɗaya ko biyu a ciki, adadin ya kai kashi 93. Ana kuma ganin cewa ta gefen waɗannan jijiyoyi ne ƙwaƙwalwa take wanke furotin mai danƙo na Alzaima, wato amiloyid, ta yadda idan sun taurare wankewar tana raguwa. Ƙiyasin da masana ke yawan ambato shi ne cutar ƙananan jijiyoyi tana haddasa kusan kashi 25 cikin 100 na shanyewar da toshewar jini ke kawowa, kuma tana da hannu a kusan kashi 45 na larurar ruɗewar tunani.

Malam Na-Ringim ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ɗana Ɗan Gujungu, Allah ya yi maka albarka, ya sa naka 'ya'yan su yi maka abin da kake yi wa mahaifinka. Likita, mun gode da wannan bayani, Allah ya ƙara basira.

Ina da abin da ya tsaya mini a rai, kuma ba musu nake yi ba, fahimta nake nema. Allah Maɗaukakin Sarki ya ba mu labari a Suratun Nahli, aya ta 70, cewa daga cikinmu akwai wanda ake mayar da shi zuwa mafi ƙasƙancin rayuwa har ya zama bai san komai ba bayan ya sani, kuma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya kasance yana neman tsari daga wannan hali. Mu a nan gigin tsufa muke kiransa, mun kuma taso mun ga kakanninmu a cikinsa ana kula da su har Allah ya karɓi abinsa. To, ashe ba kowane tsoho ne ƙwaƙwalwarsa ke raguwa ba? Idan aka ɗauke ni yau aka sa ni a wannan na'ura, ina zaton za a ga irin abin da aka gani a kan mahaifin wannan bawan Allah, ga shi kuwa har gobe ina karantar da ɗalibai. Abin da nake jin tsoro shi ne talaka ya sayar da tumakinsa ko ya jinginar da gona ya biya kuɗin hoto, a ƙarshe a gaya masa abin da ya riga ya sani, cewa tsohonsa ya tsufa.

Amma akwai wani amfani da na gani a bayanin Likita wanda ba zan ɓoye ba. A ƙauyukanmu, tsohuwa idan ta fara sambatu ko ta fita da dare ta ɓata hanya, sau da yawa maita ake jingina mata, ko a ce sammu ne kishiya ta yi. An raba zumunci da yawa a kan wannan, an kuma zalunci bayin Allah marasa lafiya. Idan mutane suka san jijiya ce ta toshe, wannan zargi zai ragu.

Mai Hoto daga Rano ya amsa:

Allah ya gafarta Malam, tambayarka tana kan hanya, kuma a matsayina na wanda aikinsa ɗaukar irin waɗannan hotuna ne, zan tabbatar maka da rabin maganarka kafin in kawo inda muka bambanta.

Gaskiya ne ƙwaƙwalwar kowa tana raguwa da shekaru. Bayan shekara 60, lafiyayyen mutum yana rasa kimanin rabin kashi 1 cikin 100 na girmanta a kowace shekara. Farin ɗigo-ɗigon ma kusan kowane tsoho yana da shi. A wani bincike da aka yi a Rotterdam ta ƙasar Holan, aka wallafa a 2001, an ɗauki hoton mutum sama da 1,000 masu shekara 60 zuwa 90, kashi 5 cikin 100 kacal aka samu ba su da ko ɗaya. Don haka idan an rubuta wa dattijo Fazekas 1 kuma yana harkokinsa lafiya, wannan ba dalilin tayar da hankali ba ne, kodayake dalili ne na auna jininsa. Amma Fazekas 3 da ramuka, ga kuma mutum ya kasa lissafin da ya yi shekara arba'in yana yi, wannan ya wuce tsufa zalla. Shekaru ɗaya ne tsakanin tsofaffi biyu, amma ɗaya yana kan ƙafarsa yana limanci, ɗaya yana jan ƙafa, kuma sau da yawa bambancin yana cikin jijiyoyinsu ne.

Mu masu duba hoto ba girman raguwar kaɗai muke kallo ba, muna kallon inda ta fi yawa. A cutar ƙananan jijiyoyi raguwar takan bazu ko'ina, guraben ruwa na tsakiya su yi faɗi, sashen gaba ya fi shafuwa. A Alzaima kuwa hifokamfas ne yake fin sauran motsewa, yana rasa fiye da kashi 4 cikin 100 a shekara, alhali na lafiyayyen tsoho bai cika wuce kashi 1 da rabi ba. Saboda haka, Malam Ɗan Gujungu, ka sa a sake karanta maka takardar, a duba ko an ambaci hifokamfas, a kuma duba ko an ambaci ƙananan ɗigon jini, domin jijiyar da ta taurare tana toshewa, tana kuma iya fashewa ta zubar da ɗan jini. MRI ce take nuna waɗannan ɗigo, hoton CT ba ya nuna su, kodayake yana nuna ƙanƙancewa da manyan dabbare.

Game da kuɗi, ina tare da Malam cewa babu amfanin maimaita hoton nan duk bayan 'yan watanni, domin ba zai sauya magani ba. Amma hoto ɗaya na farko yana da daraja, saboda akwai abubuwan da ke kwaikwayon gigin tsufa alhali ana warkar da su. Tsoho yana iya faɗuwa daga kan babur ko a banɗaki, a manta da zancen, jini ya taru a hankali a ƙarƙashin ƙoƙon kai, bayan makonni ya fara ruɗewa, kuma ƙaramin aikin tiyata yana dawo da shi hayyacinsa. Akwai ciwon ƙari, wato tsiro a ƙwaƙwalwa. Akwai kuma taruwar ruwa a guraben tsakiya, wadda alamominta uku ne, jan ƙafa, kufcewar fitsari da mantuwa, daidai da abin da aka faɗa game da Baba. Ya kamata a tambayi likitansa ko ya cire wannan daga lissafi, domin faɗin gurabe na ƙanƙancewa da na taruwar ruwa suna kama da juna a ido, sai an lura da kyau ake rabewa.

Jami'ar Lafiya daga Kazaure ta rubuta:

Assalamu alaikum. Ƙanena Ɗan Gujungu, sannu da jinya. Likitoci sun yi bayanin yadda ciwon yake, ni kuma zan yi magana a kan abin da nake gani a ƙaramin asibitin da nake aiki.

Halin Baba na shan magani sai kai ya yi ciwo shi ne halin mafi yawan masu zuwa wurinmu. Hawan jini ba ya bayyana kansa, mutum yana iya yawo da awo 180 yana noma yana cin kasuwa bai ji komai ba, a daidai lokacin da jijiyoyin nan suke lalacewa. Wani babban bincike mai suna SIREN da aka yi a asibitocin Najeriya da Gana, har da na Kano da Zariya, ya nuna a 2018 cewa kusan kashi 90 cikin 100 na shanyewar ɓarin jiki a wannan yanki namu yana da nasaba da hawan jini. Jijiyoyin da ke kawo waccan shanyewa ta fili da waɗanda ke kawo wannan ta ɓoye, abu ɗaya ne yake ɓata su.

Abin da ya fi ƙarfafa mini gwiwa shi ne aikin da aka yi a karkarar ƙasar Sin, wanda aka wallafa a 2025. An ɗauki ƙauyuka 326 da mutum 33,995 masu hawan jini, a rabin ƙauyukan aka horar da ma'aikatan lafiya na ƙauye, waɗanda ba likitoci ba ne, suka riƙa auna jini suna daidaita magani suna bin mutane har gida. Bayan shekara 4, ruɗewar tunani ta ragu da kashi 15 cikin 100 a waɗannan ƙauyuka idan aka kwatanta da sauran. Ba na'ura mai tsada aka yi amfani da ita ba, abin awo ne da ƙwayoyi masu araha da kuma bibiya, kuma duk waɗannan muna iya yinsu a Jigawa da Kano.

Shawarata ita ce ku haɗa kuɗi ku sayi na'urar awo ta damtse, a riƙa auna Baba safe da yamma yana zaune ya huta, a rubuta a littafi. A ɗora wa mutum ɗaya a gida alhakin ba shi magani, a kuma haɗa lokacin da wata salla, domin mai irin wannan larura ba a bar masa kwalin magani a hannunsa, yana iya mantawa ko ya sha sau biyu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishirin da mutum zai ci a rana kada ya kai giram 5, wato ƙasa da ƙaramin cokalin shayi, kuma mu mata mun san cewa bayan gishiri muna zuba dunƙule a miya, ga kanwa a kunu da wake, dukansu kuwa sinadari ɗaya ne a cikinsu mai tayar da jini. A rage a tukunyar gida gaba ɗaya, kada a ware masa tasa lami shi kaɗai ya ƙi ci. Sannan a kiyayi haɗin magungunan ciwon jiki da ake ƙullawa a kemis, domin irin su diklofenak da ibufurofen suna tayar da jini suna kuma taɓa ƙoda. Idan kuma kuka ga yana jin jiri duk lokacin da ya miƙe tsaye, ku sanar da likita da wuri, saboda saukar da jinin tsoho fiye da kima yana kawo faɗuwa.

Ɗan Gujungu ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka muku da mafificin alheri. Malam Mai Hoto, na sa an sake karanta takardar. An rubuta cewa hifokamfas ya ragu kaɗan daidai da sauran ƙwaƙwalwa, kuma lallai an ambaci ƙananan ɗigon jini a can ciki. Likita, wani mai kemis ya ba mu shawarar mu riƙa ba Baba asfirin kullum domin ya tsinka jini ya buɗe jijiyoyin, ya kuma nuna mana wani maganin ƙarfafa ƙwaƙwalwa mai tsada. Shin mu saya? Kuma idan muka riƙe jininsa daidai daga yanzu, abin da ya ƙanƙance zai dawo?

Likitan Karkara ya amsa:

Malam Ɗan Gujungu, kada a fara ba shi asfirin sai likitansa ya ce a ba shi. Asfirin ba ya buɗe jijiyar da ta riga ta tsuke, yana hana jini daskarewa ne kawai. Yana da amfani ga wanda ya taɓa samun shanyewa ta fili ko ciwon zuciya, amma ga wanda ramukansa na ɓoye ne, ƙungiyar likitocin shanyewa ta Turai ta ba da shawara a 2021 cewa kada a ba shi saboda hoton kaɗai. Ga Baba kuma akwai ɗigon jini, alamar cewa bangon jijiyoyinsa yana da rauni, don haka haɗarin zubar jini a ƙwaƙwalwa abin lissafi ne. Magungunan ƙarfafa ƙwaƙwalwa da ake tallatawa kuwa, babu wanda aka tabbatar yana mayar da abin da ya tafi, kuɗin ya fi amfani a maganin hawan jinin da ba zai yanke ba. Akwai donefezil da likitoci ke rubutawa, amfaninsa kaɗan ne a irin wannan larura, ya fi tasiri idan akwai Alzaima a cakuɗe, kuma yana iya rage bugun zuciya, saboda haka shi ma ba na kemis ba ne.

Ƙwayoyin da suka mutu ba sa dawowa, ramin da ya samu kuma ba ya cikewa, ba zan yaudare ka ba. Abin da ake nema shi ne a hana sababbi fitowa, a kuma jinkirta yaɗuwar farin. Akwai wani abu da ya kamata ka sani domin kada hoton gaba ya karya maka gwiwa. A babban binciken SPRINT MIND na Amurka, mai mutum 9,361, wanda aka wallafa a 2019, an kwatanta masu saukar da awon sama, wato babbar lambar da ke fitowa a awon jini, zuwa ƙasa da 120 da masu tsayawa ƙasa da 140. Rukunin farko sun samu raguwar matakin farko na mantuwa da kashi 19 cikin 100, farin dabbaren ma ya fi yaɗuwa a hankali a ƙwaƙwalwarsu, amma girman ƙwaƙwalwar gaba ɗaya ya ɗan fi raguwa a wurinsu. Wannan ya nuna cewa girma a hoto da lafiyar tunani ba kullum suke tafiya kafaɗa da kafaɗa ba, kuma yadda Baba yake tafiya, yake hira, yake salla, shi ne ma'aunin da ya fi muhimmanci. Ba na cewa a kai jininsa 120, domin waɗanda aka yi binciken a kansu ba su riga sun ruɗe ba, adadin da ya dace da shi likitansa ne zai yanke bisa ƙarfin jikinsa.

A roƙa a yi masa gwajin suga, ƙoda, bitamin B12 da sinadarin tayirod na maƙogwaro, domin ƙarancin na biyun ƙarshe yana ƙara mantuwa kuma ana gyara shi. A riƙa fita da shi tafiya kullum da mai riƙe masa hannu, a mayar da shi majalisa ko da ba zai yi magana sosai ba, a duba jinsa da ganinsa. Idan wata rana bakinsa ya karkace, ko hannu ya saki, ko magana ta sarƙe, asibiti za a nufa nan take ko da ya warware cikin minti goma. Ku 'ya'yansa kuma kowa ya auna nasa jinin, domin ɓarnar da ake gani a shekara 70 tun daga shekara 40 take farawa. Ranar komawa asibiti ka tafi da littafin awon da Hajiya Jami'ar Lafiya ta ambata, da duk kwalayen magungunan da yake sha har da na gargajiya, ka kuma rubuta tambayoyinka a takarda, ka fara da ta taruwar ruwa.